Macijin Da Ido Ba Ya Gani

Kowane ɗan Daura ya san labarin macijin da ya hana ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ran Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare masa kai. To, jama'a, yau ma akwai maciji a rijiyoyinmu, wannan kuwa ido ba ya ganinsa.

Gidaje da makarantu suna haƙa ramin tara ƙazantar bayan gida, a rufe, a manta. In ya cika ko ya tsage, sai ƙazantar ta tsiyaya ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga rijiya. Haka ta faru a Landan cikin 1854, kwalara ta kashe ɗaruruwan mutane masu sha daga famfo guda. Mu ma ta yi mana ɓarna cikin 2021.

Ya kamata a bar tazarar mita 30 tsakanin rami da rijiya, a riƙa kwashe ramin kafin ya cika. Duba-gari kuma su riƙa ɗibar ruwan rijiyoyi, musamman da damina, su kai a auna, gama ba kowane ruwa garau ne lafiyayye ba. Allah ya kiyashe mu, amin.