Maganin Ƙanjamau Kyauta Ne, Amma Hanyar Asibiti Ba Kyauta Ba Ce

Tun daga shekarar 2006 Gwamnatin Tarayya take bayar da maganin rage kaifin cutar ƙanjamau kyauta, kuma wannan mataki ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Jariran da aka haifa da ƙwayar cutar, waɗanda a da ba a sa rai za su yi tsawon kwana, yau sun zama samari da 'yan mata. Sai dai a wannan ƙuruciya ne da yawansu suke daina zuwa asibiti, kuma ya kamata 'yan kasuwa su san dalili.

Binciken da aka gudanar a duk faɗin ƙasar nan a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar a Nijeriya. Babba daga cikinsu yana da sana'a da aljihunsa. Matashi ɗan shekara 15 kuwa sai ya roƙi kuɗin mota, kuma roƙon yana nufin ya faɗi inda za shi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya hauhawa, ga kuma kuɗin kati da na wasu gwaje-gwaje da ake karɓa a asibitoci da dama. Saboda tsoron kada maƙwabta su gan shi, yakan zaɓi asibiti mai nisa, wanda hakan ke ƙara masa ɗawainiya.

Akwai kuma batun izini. A asibitoci da yawa ana neman amincewar iyaye kafin a gwada jinin wanda bai kai shekara 18 ba, alhali wasu daga cikin yaran nan marayu ne, cutar ce ma ta raba su da iyayensu. A Afirka ta Kudu doka ta ba yaro ɗan shekara 12 damar neman gwaji da kansa. Bugu da ƙari, ranakun karɓar magani sukan faɗo a lokacin makaranta ko na koyon sana'a, sai yaro ya gwammace ya fasa zuwa da ya yi wa malami ko maigida bayani.

Sakamakon wannan kuwa asara ce mai lissafi. Wanda yake shan magani yau ya bari gobe, ƙwayar cutar takan bijire wa maganin, dole a koma da shi kan wani mai tsada fiye da na farko. Mafi yawan kuɗin magungunan nan daga waje yake zuwa, musamman daga shirin PEPFAR na Amurka, kuma dakatar da agajin ƙetare da ƙasar ta yi a watan Janairun 2025 ya nuna mana cewa kayan aro ba ya rufe katara.

A watan Fabrairun 2022 aka ƙaddamar da asusun yaƙi da ƙanjamau na kamfanoni masu zaman kansu, da burin tara naira biliyan 62, akasari domin hana uwa ta shafa wa jaririnta cutar. Wannan abin yabo ne, amma yaron da aka riga aka haifa da ita shi ma yana da haƙƙi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su iya ɗaukar nauyin kuɗin motar matasan da ke yankinsu ta hannun asibitoci, ba tare da sun san sunan kowa ba. Ya dace hukumomin lafiya su keɓe wa matasa ranar Asabar, su kuma faɗaɗa tsarin bayar da maganin wata uku zuwa shida a lokaci guda.

Daga ƙarshe, dokar hana tsangwama ta 2014 ta haramta korar ma'aikaci saboda yana ɗauke da ƙwayar cutar. Maigidan da yaron shagonsa ya nemi izinin zuwa asibiti, ya ba shi ba tare da tuhuma ba, domin mai shan magani a kan ƙa'ida yana aiki kamar kowa.