Haƙƙin Waɗanda Ba Su Da Bakin Kai Ƙara

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Bichi, ko ya ratsa ƙauyukan Minjibir da Gezawa da Makoɗa da Kunci, ya san cewa ƙasar nan ba ta da sauran daji. Gona ce manne da gona, gari kusa da gari, kuma shekara da shekaru ana noma wuri ɗaya ba a barinsa ya huta. Abin da ya riƙe wannan ƙasa har take ciyar da ɗimbin jama'ar da ke kanta, bayan ikon Allah (T), shi ne taki. Takin nan kuwa daga turken awaki da tumaki da shanu yake fitowa, kuma a bayan jaki yake isa gona cikin mangala. Tun zamanin kakanni jakin nan ne ke kai itace da hatsi birni, ya juyo da takin bola. Saboda haka in muka ce akwai guminsa a cikin lomar tuwon da muke ci, ba mu yi ƙari ba.

To, amma da me aka saka masa? Abin takaici, da sanda. Za ka ga an labta wa jaki kayan da ya fi ƙarfinsa, sannan mai shi ya haye a kai, ga gyambo a ƙarƙashin akumari ƙuda na bi, ga dabaibayi ya ci ƙafa har ya yi miki. In ya durƙusa a ce taurin kai ne, a ƙara masa duka. Ranar da ya tsufa ko ya gurgunce, sai a kore shi bayan gari ya ci leda a juji, ko a miƙa shi ga masu neman fata. Haka kyanwar da ta haihu a rumbu ake kwashe 'ya'yanta a buhu a zubar a kududdufi. Haka karen da ba shi da ubangida yake zama abin wasan yara, a ɗaura masa gwangwani a bindi a bi shi da jifa, manya na zaune a gindin bishiya suna dariya.

Mun san wani zai ce, mutane na fama da yunwa da tsadar rayuwa, wai har akwai lokacin maganar jaki da kare? Amsarmu ita ce zalunci sunansa zalunci, ko a kan wa aka yi shi. Talakan da ke kukan an danne shi, alhali shi ma yana da wanda yake dannewa a turke, ya kamata ya tsaya ya yi wa kansa hisabi. Kuma yaron da ya tashi yana jin daɗin kukan kwikwiyo, da wuya kukan mutum ya dame shi in ya girma ya samu iko.

Addini bai bar mu cikin duhu ba a kan wannan. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Sun kuma ruwaito na mutumin da aka gafarta wa saboda ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska, ya la'anci wanda ya aikata haka. Abu Dawuda ya kawo labarin raƙumin da ya zubar da hawaye da ganin Manzo (SAW), har aka nemo mai shi aka yi masa faɗa a kan barinsa da yunwa da wahalar da shi. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, Muhtasar ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita in babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita. Masu tarihi sun kawo cewa Umar ɗan Abdul'aziz ya aika wa wakilinsa a Masar da umarnin taƙaita nauyin kayan da ake ɗora wa raƙuma, kuma Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin lambu don ciyar da kyanwoyin Alƙahira marasa gida. Ashe kenan ba Turawa ne suka koya mana tausayin dabba ba, mu ne muka yi watsi da abin da muka gada.

Masu fakewa da cewa kare najasa ne su sani cewa a mazhabar Imam Malik duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare. Malaman da suka tafi a kan najasarsa kuwa, babu ko ɗaya daga cikinsu da ya halatta a azabtar da shi.

Bayan wannan akwai wata musiba da ta auka wa jaki daga waje. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani danƙo da ake kira ejiao, wanda suke sha a matsayin magani. Jakunan Sin ɗin sun ragu daga miliyan 11 a 1990 zuwa ƙasa da miliyan 2 a 2021, sai 'yan kasuwarsu suka juyo Afirka. Ƙungiyar Donkey Sanctuary ta Ingila ta ƙiyasta a 2024 cewa ana yanka jakuna aƙalla miliyan 5.9 a duniya kowace shekara saboda fatarsu. Maƙwabciyarmu Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, bayan da aka fitar da kimanin 80,000 a cikin shekarar, alhali a 2015 duka 27,000 ne. Mu kuwa a nan an sha ganin manyan motoci suna lodin jakuna daga kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari zuwa mayankar kudu, a cushe, kwana da kwanaki ba ci ba sha. A watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Addis Ababa, suka amince da hana yanka jaki don fatarsa a nahiyar baki ɗaya. Amma takardar Addis Ababa ba za ta tsare jakin Kunci ba in mutumin Kunci bai tsare shi ba. Jaka kusan shekara guda take ɗauke da ciki, kuma ɗa ɗaya take haifa, don haka wanda aka kwashe a mota ɗaya sai an yi shekaru kafin a mai da gurbinsa. Wanda ke ji a jikinsa shi ne manomin da ba shi da kuɗin hayar mota ta kai masa taki, da yarinyar da tulun ruwa zai koma kanta.

To, ina mafita? Ba ma jiran gwamnati, ba ma jiran wata ƙungiyar waje. Aikin nan na hannun kowa ne, musamman ku samari, tunda ku ne ke kora jaki zuwa gona, ku ne ke yankan ciyawa, ku ne kuma ƙannenku ke kwaikwayo.

Na farko, kowa ya fara da turken gidansu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A raba kaya gida biyu maimakon a gama a sawu ɗaya. A gyara akumari ya zama mai taushi, a riƙa ɗaga shi ana duba baya kullum. Jakin da ke da miki a hutar da shi, a wanke wurin da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri, a daina zuba masa baƙin mai ko garin batir, domin guba ne. Dabaibayi a yi shi da igiya mai laushi ko tsumma, ban da waya da siririyar igiyar roba. Da bazara a yi aikin da sassafe ko da yamma, a bar dabba a inuwa in rana ta take. Haka shanun huɗa: a shayar da su, a sauke musu karkiya in sun gaji.

Na biyu, damina. A ƙasarmu da zarar shuka ta fito sai a ɗaure awaki da tumaki har kaka. To, dabbar da ka ɗaure ka ɗauke mata hanyar neman abincinta, saboda haka cinta da shanta sun koma wuyanka, kuma hadisin matar nan mai kyanwa da kai yake. A yi mata rumfa, a riƙa kwashe caɓi daga ƙarƙashinta don kada kofato ya ruɓe. Da kaka a adana harawa da karmami da dusa da 'ya'yan gawo saboda rani, kada kwaɗayin kuɗi ya sa a sayar da su duka a bar turke da yunwa.

Na uku, ruwa. Fasasshiyar randa ko tsohon kwano a ƙofar gida ko bakin rijiya, a riƙa zuba ruwa kullum ana wankewa, ya isa ya zama sadaka mai gudana ga kare da kyanwa da tsuntsu, musamman daga Maris zuwa Mayu da kududdufai ke ƙafewa. Ragowar tuwo da ƙanzo da ƙashi a ajiye su wuri guda a bayan gida, maimakon a ƙulle a leda a jefar.

Na huɗu, leda. A tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin akuya. Ledar da dabba ta haɗiya ba ta narkewa, cikin ta kumbura, ita kuwa tana ramewa har ta mutu, mai ita yana zaton sammu ne. Samarin unguwa su ware rana ɗaya a mako su tsince ledar gari da ta bakin kasuwa. Haka shinkafar ɓera da fiya-fiya, a sa su inda kaji da kyanwa da yara ba za su kai ba.

Na biyar, karnuka marasa gida. Ba mu ce a rufe ido daga haɗarinsu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Amma maganinsa allura ce, rigakafi kuwa ya fi magani. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin allurar, don haka mafarauta da masu karen gadi su nemi malamin dabbobi ya yi wa karnukansu. Jifa da tsokana su ke sa kare lafiyayye ya yi cizo. Wanda kare ya ciza a wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, a garzaya da shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran alamu, domin in suka bayyana kusan babu mai tsira. Karen da ya nuna alamar hauka a nisance shi, a sanar da mai unguwa da jami'an dabbobi, in za a kashe shi a gama da shi nan take ba tare da azabtarwa ba. 'Ya'yan kyanwa da kwikwiyo kuwa a bar su su gama shan nono, sannan a nema musu gida. Mai rumbu da mai shago ba sa ƙin kyanwa.

Na shida, kasuwa da yanka. Ranar Lahadi a karar Ɗambatta a dubi yadda ake ɗaure awaki a bayan babur, da yadda ake rataye kaji kai a ƙasa cikin rana. Dillalai da sarkin pawa 'yan uwanmu ne, a yi musu magana da ladabi. Mai yanka ya wasa wuƙarsa, kada ya wasa ta a gaban dabbar, kada kuma ya yanka wata a gaban wata. Mai tsohon jaki ya tuna shekarun da ya yi masa bauta kafin ya karɓi kuɗin masu fata. In ciyar da shi ya gagara, 'yan uwa su haɗa masa kara da dusa.

Na ƙarshe, baki. In ka ga ana dukan dabba kada ka wuce, kada kuma ka tayar da faɗa. Yi sallama, ka kama wa mai jakin ku sauke kayan tare, sannan ka yi masa nasiha. In ya ƙi ji, akwai mai unguwa da dagaci da liman, kuma dokar Final Kot ta Arewa ma ta mai da azabtar da dabba laifi. Malaman Islamiyya da na allo su sa wannan a cikin karatu, a karɓe danƙo daga hannun yaran da ke harbin tsuntsu da ƙadangare don wasa kawai. Limamai kuma muna roƙon su ware wa batun huɗuba guda kafin bazara.

Ya 'yan uwa, akwai ranar da za a yi wa tunkiya marar ƙaho sakayya daga mai ƙaho, kamar yadda ya inganta a ruwayar Muslim. In har tsakanin dabba da dabba ba za a bar haƙƙi ya tafi ba, ina ga tsakaninta da mutum mai hankali da aka ba shi amanarta? Yau in an koma gida daga masallaci, kafin a zauna cin abinci, kowa ya leƙa turke ya ga ko akwai ruwa.

Allah Ya sa mu cikin masu jin ƙai, Ya kuma ji ƙanmu. Amin.