Lasifika Marar Waya: Ba Girin-girin Ba Dai, Ta Yi Mai

Sanin kowa ne cewa tun zamanin garmaho da faifai, har zuwa lokacin rediyo mai kaset, akwatin sauti yana cikin kayan da ma'aikaci kan fara saye da zarar albashinsa ya zauna. A halin yanzu lasifika marar waya ce ta gaji wannan matsayi. A Kebbe da Tambuwal, kamar sauran garuruwan kudancin Jihar Sakkwato, ana jin ta a teburin mai shayi da ɗakunan 'yan makaranta, wani na sauraron tafsiri, wani labaran duniya, wani kuwa waƙoƙi. Amma yadda ake sayenta da canja ta abu ne da ya cancanci a yi masa duban tsanaki, domin kuɗin da ke salwanta a nan ba kaɗan ba ne.

Hanyar da lasifikar ke karɓar sauti daga salula ita ce Bluetooth, wadda injiniyoyin kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin suka fara aiki a kanta a 1994. Galibi tazarar da take kaiwa ba ta wuce mita 10 ba, kuma bango yakan rage ta. Wannan fasaha ta yi araha ƙwarai, saboda haka ba ita ce ke bambanta kaya mai kyau da na banza ba. Bambancin yana cikin batir da kuma gaskiyar abin da aka rubuta a jikin kwali.

Sau da yawa mai saye yakan ga an rubuta wat 1,000 a kan akwatin da bai fi girman ƙwarya ba, tare da haruffan PMPO. Wannan lamba ba ta da wani ma'auni tsayayye da aka yarda da shi. Ma'aunin da masana ke dogara da shi shi ne RMS, wato ƙarfin da lasifika ke iya bayarwa ba tare da yankewa ba. Ɗan lissafi kaɗan ya isa ya tona asirin. Batir mai bolt 3.7 da mAh 2,000, irin wanda ake sa wa ƙananan lasifikoki, ba ya ɗauke da wutar da ta kai wat 8 na awa guda. In da gaske akwatin yana jan wat 1,000, da batirin ya mutu kafin rabin minti ya cika.

Bugu da ƙari, wanda ya sayar da tsohuwar lasifikarsa don ya sayi mai ninki biyu na wat, ƙarin desibal 3 kacal zai samu. Sai an ninka ƙarfin sau 10 kafin kunne ya ji kamar sauti ya ninku. Ke nan mai bin lambobi yana zuba ruwa ne a rariya.

Abin da ya fi dacewa da mazaunin Kebbe shi ne ya auna kayan da halin garinsu. Inda wutar lantarki ba ta zama, tambaya ta farko ita ce awa nawa batir ke yi, kuma ko ana iya cika shi da ƙaramin faifan hasken rana. Ta biyu ita ce ko mai gyara zai iya buɗe akwatin ya sake batir. Batirin litiyam ba ya jimirin zafi, ga shi kuwa a ƙasar Sakkwato ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Akwatin da aka liƙe da gam, ranar da batirinsa ya gaji ya zama tarkace. Har ila yau, mai tsohuwar rediyo da ke da kafar shigar da sauti ba ya bukatar jefar da ita, domin akwai 'yar na'urar karɓar Bluetooth da ake jona mata a kan kuɗi ƙalilan.

Dokar 2024 ta tsayar da albashi mafi ƙanƙanta a kan Naira 70,000 a wata. Ma'aikacin da ke wannan mataki, da ɗalibin da ke jiran kuɗin iyaye, ba su da rarar da za su yi sayayya ɗaya sau biyu. Bisa ga haka, wajibi ne Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON, wadda aka kafa a 1971, ta tilasta wa masu shigo da waɗannan kaya su rubuta ƙarfin RMS da girman batir na gaskiya, ta kuma kai bincikenta manyan kasuwanni irin su Alaba a Ikko da Sabon Gari a Kano, inda 'yan tireda kan saro kaya.

Daga ƙarshe akwai hakkin kunne da na maƙwabci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce awa 40 a mako yana sauraron sauti mai desibal 80. Lasifikar da ta wadaci ɗaki ta wadaci mai ɗaki, ba sai ta tayar da jinjirin gidan maƙwabta ko ta hana ɗalibi bitar karatu ba. Allah Ya sa a gyara.