A ƘYALE YARA SU HAU KATANGA

Na san tun daga ganin kan wannan maƙala wasu sun riga sun murtuke fuska, domin a ƙasar Hausa, in ka ɗebe magini, abu biyu aka sani da hawan katanga: ɓarawo da ƙadangare. Ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su daure su kai ƙarshe, sa'an nan mai jifa ya jefa.

A hutun da ya wuce na ga wani abu a gidanmu wanda ya tsaya mini a rai. Ƙanena, ɗan shekara tara, ya wuni rub-da-ciki da wayar babarmu, tun daga hantsi har la'asar sakaliya, ba wanda ya ce masa kanzil. Kashegari ba wuta, cajin waya ya ƙare, sai ya fita ƙofar gida ya ɗare kan wata guntuwar katanga da ba ta kai ƙirjina ba, ya diro. Kafin ya sake hawa baffanmu ya zaro tsumagiya, yana cewa, "Kai, ɓarawo za ka zama?" Na durƙusa na ce, "Baffa, Allah ya huci zuciyarka, ai jiya da ya wuni a kwance ba ka yi magana ba." Ya ce, "Jiya yana gaban idonmu, kuma bai karya ƙafa ba."

To, wannan amsa ta Baffa ita nake ƙalubalanta, domin yau ita ce ra'ayin galibin iyaye, musamman 'yan boko. Mun ɗauki zaman yaro shiru shi ne tarbiyya. In ya yi kuka a miƙa masa waya, in ya yi tsalle a miƙa masa bulala, sa'an nan mu taru muna salati wai waya ta lalata 'ya'yan zamani. Alhali kuwa mu muka ƙulla su da ita.

Lamarin ya wuce gidanmu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban talabijin ko waya, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa ɗaya a rana. Daga shekara 5 zuwa 17 tana son yaro ya sami aƙalla minti 60 kullum yana motsa jiki sosai. Amma binciken da masanan hukumar suka fitar a 2019 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa samun wannan. Faɗa da ƙwace waya ba za su warkar da ciwon ba. Yaron da ka ƙwace wa waya ka zaunar a ɗaki, wayar yake tunani. Tilas a kawo masa abin da ya fi ta daɗi, ni kuwa ban san abin da ya kai gudu da tsalle da hawa daɗi a wurin yaro ba.

Nan ne nake so mu dubi wani wasa da ya fito daga Faransa, wanda ake kira farkur. Ma'anarsa a taƙaice ita ce mutum ya tashi daga wani wuri ya isa wani, yana ƙetare duk abin da ya tare masa hanya, katanga ce ko rami ko matakala, da jikinsa kawai.

Tushensa yana komawa ga wani hafsan sojan ruwa, Georges Hébert, wanda ya rayu daga 1875 zuwa 1957. A 1902 dutsen Pelée ya yi aman wuta a tsibirin Martinik, ya hallaka mutanen garin Saint-Pierre kusan dubu 30. Hébert yana cikin waɗanda suka yi aikin ceto, kuma abin da ya gani ya tabbatar masa cewa ƙarfin da ba zai ceci mai shi ko waninsa ba, ƙarfin banza ne. Sai ya tsara horo a kan abubuwa goma da jikin ɗan Adam ya gada: tafiya, gudu, tsalle, rarrafe, hawa, tsayuwa bisa siririn abu, jifa, ɗaukar nauyi, kare kai, da iyo. Daga nan sojan Faransa suka sami filin horo mai shingaye.

Wani mai suna Raymond Belle, wanda aka haifa a 1939 a ƙasar da yau ake kira Biyetnam, ya tashi cikin irin wannan horo, daga baya ya zama ɗan kwana-kwana a birnin Faris. Ɗansa David, haihuwar 1973, shi da abokansa suka ɗauko abin suka kai shi tituna a Lisses da Évry, kudu da Faris, a shekarun 1980. Samari ne na unguwannin bayan gari, galibinsu 'ya'yan baƙi, sai suka mai da katangu da benayen unguwarsu filin wasa. Suka sa wa ƙungiyarsu suna Yamakasi, daga harshen Lingala na Kwango. A 2017 Birtaniya ta zama ƙasa ta farko da ta amince da farkur a hukumance a matsayin wasa, a 2022 kuma aka yi gasar duniya ta farko a Tokiyo.

Yanzu bari in amsa sukar da na san za a yi.

Na farko za a ce abin Turawa ne. To, shi kansa Hébert bai ɓoye ba cewa abin da ya fara ba shi sha'awa shi ne ƙarfin jiki da zafin naman mutanen da ya gani a yawace-yawacensa, musamman a Afirka, waɗanda ba wani malamin motsa jiki da ya horar da su. Wace gaɓa ce daga cikin goman nan baƙuwa a wurin Bahaushe? Yaron da ya tashi yana langa da ƙafa ɗaya, yana kokawa a dandali, yana hawan tsamiya da mangwaro, yana tsallake kwazazzabo in an aike shi gona, wa zai koya wa tsalle? Kakanninmu ba su raɗa wa abin suna ba ne kurum. Mu muka yar, wasu suka tsinta suka tsara.

Na biyu za a ce koyon sata ne. Wannan magana dariya take ba ni. In haka ne sai a hana koyon tuƙi domin 'yan fashi suna tuƙa mota, a rufe maƙera domin ana yanka da wuƙa. Ɓarayin da suka fi cutar ƙasar nan da biro suka yi sata, da yawansu kuwa ko kujera ba za su iya tsallakewa ba. Mutumin da ya haifi jagoran wannan wasa ɗan kwana-kwana ne, katangar da yake hawa ta gidan da ke cin wuta ce. Ranar gobara ko ambaliya kowa addu'a yake a sami mai iya haurawa.

Na uku za a ce akwai haɗari. Wannan gaskiya ne, ba na musu. An sami waɗanda suka karye, har da waɗanda suka mutu, wajen kwaikwayon dirowa daga dogayen benaye domin a ɗauke su hoto. Amma ku lura, wannan ma cutar waya ce, ta neman a gani a yaba. Masu koyar da yara farkur daga ƙasa suke farawa. Darasin farko shi ne sauka: a dira bisa gaban tafin ƙafa, a lanƙwasa gwiwa, kada a ji ƙara. Na biyu mirginawa, daga kafaɗa ɗaya a karkace zuwa kwatangwalon ɗaya gefen, domin nauyin faɗuwa ya watsu, kai da ƙashin baya su tsira. Sai tsalle daga layi zuwa layi a ƙasa, a maimaita har ƙafa ta san iyakarta. Yaro dai ko an ƙi ko an so sai ya faɗi wata rana. Wanda aka koya wa faɗuwa da wanda aka hana hawa, wanne zai tashi lafiya?

Kada kuma wani ya fake da talauci. A 2005 wasu samari a Khan Yunis, cikin Zirin Gaza, suka kafa ƙungiyar farkur, suna horo a maƙabarta da kangayen gidaje. Wasan ba ya bukatar ƙwallo ko raga ko fili mai ciyawa.

Laifi tudu ne, saboda haka bari in taka namu. Mu ɗaliban Hausa, kowace shekara muna rubuta kundaye a kan wasannin yara. Mu je ƙauye mu tambayi tsofaffi yadda ake langa da ɓoyo da gaɗa, mu buga, a yi bango, a ba mu maki, a jera a kanta ƙura ta rufe. Sa'an nan mu hau mumbari muna kukan al'adunmu sun mutu. Cikinmu mutum nawa ne ya taɓa tara yaran unguwarsu ya koya musu ko da wasa ɗaya daga cikin kundinsa? An yanka dandali an yi shaguna, an kewaye filayen makarantu an gina ajujuwa, ba mu rubuta ko layi ɗaya ba. Wasa kuwa ba ya rayuwa a takarda.

Shawarata ga wannan ƙungiya ita ce, a kowane hutu kowane ɗan ƙungiya ya ware yammaci biyu a mako domin yaran layinsu. A samo tsofaffin tayoyi da kututture da buhunan yashi, a jera hanya mai shingaye wadda ba abin da ya wuce ƙugun yaro a cikinta. A haɗa da langa da kokawa. A keɓe wa 'yan mata lokacinsu da wurinsu, 'yan'uwanmu mata su jagoranta, domin su ma ƙashi da tsoka gare su. A nemi izinin mai unguwa da iyaye, a roƙi malaman sashen motsa jiki su nuna mana ƙa'ida. Wanda ya zo da waya ya ajiye ta a ƙofa, har da mu.

Ni dai na riga na fara. Kafin in dawo makaranta na koya wa ƙanena dirowa da mirginawa a kan yashin da aka juye ƙofar gidanmu. Baffa bai ce ya yarda ba, amma ya ajiye tsumagiya, ya jawo tabarma yana kallo. Mai ja da maganata ya rubuto a fitowa ta gaba, ina saurare.