Tsohon Gini Ba Uzuri Ba Ne

A hunturun da ya wuce na shiga wani tsohon gidan wasan kwaikwayo a wani ƙaramin gari na Ingila. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ba ya cikin biyun da zan ambata nan gaba. Na biya cikakken kuɗin tikiti, aka nuna mini mazaunina, ina zama sai ga wani ginshiƙi ya tsaya ƙerere tsakanina da rabin dandamali. Duk sa'ad da 'yan wasa suka koma ɓangaren hagu, sai dai in bi su da kunne. Da aka tafi hutun tsakiyar wasa na nufi tagar sayar da tikiti, na yi bayani cikin ladabi. Matar da ke wurin ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce ai ginin ya haura shekara ɗari, haka aka gina shi. Gaskiya ta faɗa. Sai dai ni ba a kan wanda ya kafa ginshiƙin na kawo ƙara ba. Ƙarata a kan wanda ya san da ginshiƙin ce, ya karɓi kuɗina daidai da na mai kallon dandamali duka, ya kuwa yi shiru.

Wannan amsa ta "ai ginin tsoho ne" ta zama garkuwar da masu kula da irin waɗannan wurare suke fakewa bayanta. Da ita ake kare bencin da ke ƙagar da baya, da ita ake kare layin banɗakin da ba ya ƙarewa kafin a buga ƙararrawar komawa, da ita kuma ake sallamar mai keken guragu daga bakin ƙofa. Ra'ayina shi ne rabin wannan uzuri gaskiya ne, rabinsa lalaci ne da aka yafa wa rigar tarihi, kuma tarihin da ake fakewa da shi ɗin shi ne babban mai ba da shaida a kansu.

Mu ɗauki garin Richmond da ke arewacin Yorkshire. A 1788 wani ɗan wasa mai jagorantar ƙungiyarsa, Samuel Butler, ya gina gidan da yau ake kira Georgian Theatre Royal. Wuri ne ɗan ƙarami ƙwarai: mazauni mafi nisa bai kai mita 11 daga dandamali ba, ta yadda ɗan wasa zai iya ganin idon mai hamma. A 1848 aka daina wasa a cikinsa. Ginin bai rushe ba. An mayar da shi ɗakin gwanjo, ƙasansa kuma ya zama ma'ajiyar giya. Sai a 1963 aka sake buɗe shi. Haka labarin yake a Bury St Edmunds ta yankin Suffolk, inda William Wilkins, wanda daga baya ya zana babban gidan zane-zane na ƙasa da ke Landan, ya gina Theatre Royal a 1819. A 1925 aka rufe shi, kamfanin giya na Greene King ya riƙa jibge ganguna a ciki, har mutanen gari suka tara kuɗi aka dawo da wasa a 1965.

Abin lura a labaran biyu shi ne bango da katako sun rayu lafiya lau ba tare da 'yan kallo ba, ɗaya na shekara 115, ɗaya na shekara 40. Har ana iya cewa watsin da aka yi da su ne ya tsirar da su, domin babu wanda ya damu ya rushe sito don ya zamanantar da shi. Abin da ya mutu a tsawon shekarun nan shi ne wasan kansa, kuma ya mutu ne ranar da mutane suka daina sayen tikiti. Saboda haka manajan da yake ganin ɗan kallo a matsayin baƙon da aka yi wa alfarmar shiga wuri mai daraja ya karanta tarihin gidansa a kife. Wannan mutumin da ke ƙorafin ciwon baya, shi kaɗai ne bambancin gidan wasa da siton ganguna.

Sannan akwai batun "asali", kalmar da masu wannan uzuri suke ƙauna. Sukan ce suna so ka ɗanɗani kallo yadda mutanen ƙarni na 18 suka ɗanɗana. To, bari mu duba yadda suka ɗanɗana ɗin. Lalle sun zauna a benci marar majingina. Amma kyandirori suna ci a zauren tun daga farko har ƙarshe, kowa yana ganin kowa, ana hira, ana ciye-ciye, ana mayar wa ɗan wasa magana. Wanda ya makara, ko aljihunsa bai kai ba, yakan shiga da rabin kuɗi bayan an ci nisa a wasan farko. A benen sama na gidan Richmond har yau akwai wani allo da 'yan kallo suke shura da ƙafa idan wasa bai gamshe su ba. Ka ji fa: a jikin ginin aka tanadi wurin shigar da ƙara, kuma ana jin ƙarar nan take. A 1809, da John Philip Kemble ya sake buɗe gidan Covent Garden na Landan bayan gobara, ya ƙara kuɗin zaman tsakiyar zaure daga sule uku da sisi zuwa sule huɗu. 'Yan kallo suka yi ta hayaniya dare bayan dare har kusan wata uku, sai da ya mayar da tsohon farashin wurin ya kuma ba da haƙuri. A kan sisi!

Ba ina kiran a dawo da tarzoma ba ne. Ina nuna cewa wanda ya riƙe taurin bencin da sunan asali, ya kuma zubar da rabin farashi da 'yancin ƙorafi, zaɓe ya yi, kuma ya zaɓi ɓangaren tarihin da ba ya cin kuɗinsa.

Dole a yi adalci. Gidajen Richmond da Bury duka suna cikin rukunin farko na gine-ginen da dokar Ingila ta ba kariya, kuma a irin wannan gini ba ka fasa bango ko sauya matakala sai da izinin hukuma. Kujeru kaɗan ne, kuɗin shiga kaɗan ne, rufi kuwa kullum yana neman gyara. Yawancin masu nuna wa mutane mazauni 'yan sa-kai ne, dattawan gari da ba a biyan su ko kwabo, kuma da yawansu sun fi ma'aikatan manyan gidaje fara'a. Duk na yarda. Amma a lissafa abubuwan da ke ɓata wa ɗan kallo dare, a ga nawa ne suke buƙatar izinin hukuma. Rubuta wa mai saye cewa wannan kujera ba ta ganin dandamali duka, a kuma rage kuɗinta, ba ya taɓa bulo ko ɗaya. Ƙara minti biyar a kan hutu saboda banɗaki biyu ne kacal ba ya taɓa bulo. Amsa waya, mayar da kuɗi idan an soke wasa, faɗa wa tsohuwa tun kafin ta taso daga gida cewa akwai matakala ashirin a gabanta, duk ba su taɓa bulo. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma gidan da tabarmarsa ta tsufa shi ya fi kowa buƙatar fuskar. Idan ɗan sa-kai bai san amsar da zai bayar ba, laifin na wanda ya tsayar da shi a ƙofa ne ba tare da ya koya masa ba.

Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ma ba ta cire tsofaffin gine-gine daga wajibcin yi wa naƙasassu gyaran da hankali zai ɗauka ba. Idan matakala ba ta sauyuwa, ana neman wata hanyar. Kuma ko kujerar kanta ba ta fi ƙarfin gyara ba. A 'yan shekarun nan gidan Richmond, wanda ya fi kowane gidan wasa na zamaninsa a Birtaniya zama yadda aka gina shi, ya sake tsarin mazaunansa don a fi jin daɗin zama a kuma fi ganin dandamali. Idan wannan gida ya iya, wanda aka gina shekara ɗari bayansa ba shi da ta cewa.

A daren nan nawa, bayan hutu na koma bayan ginshiƙina. Kujeru huɗu a layin gabana babu kowa a kansu har aka tashi, kuma matar da ke taga tana da taswirar zauren a gabanta lokacin da take ba ni labarin shekarun ginin.