Wai Kiɗanmu Ba Shi da Tsari?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina da ƙara, kuma a gabanku zan kawo ta.

Ran wata Juma'a na shiga mota daga Kano za ni gida Wudil, direba ya sa Bakandamiyar Narambaɗa. Sai wani saurayi ɗan boko ya yatsine fuska, ya ce wai wannan ba fasaha ba ce, maimaici ne da roƙo, mai son kiɗa mai tsari ya je ya ji sonata. Har muka haye gada ina cizon yatsa, don ban ba shi amsa ba. To yau ga amsarsa.

Da farko, mece ce sonatar? Gini ne mai hawa uku da makaɗan Turai suka raya a ƙarni na 18. Makaɗi zai kawo kari biyu, na fari a gidan sautin da aka fara da shi, na biyu a wani gida dabam. Sannan ya wargaza su, ya yi ta yawo da gutsattsarinsu gida gida. Daga ƙarshe ya komo da su duka gidan farko, a sasanta. Haydn da Mozart da Beethoven su ne gwanayenta, shi Beethoven ma guda 32 ya bari na fiyano. Ban raina su ba, aiki ne na masu basira.

Amma saurayin nan ya san Haydn makaɗin fada ne? A 1761 ya shiga barantakar gidan sarautar Esterhazy, ya yi wajen shekara 30 yana sa kayan bayin gidan, yana tsara abin da ubangidansa ke so. Shi kuwa Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne. Don me barantakar wancan ta zama fasaha, ta wannan ta zama roƙo?

Batun maimaici kuwa, ai sonatar kanta komowa take yi. Mu ma waƙar fada tana da gindi, tana da ɗiya. Jagora ya tafi da ɗa, ya yi yabo, ya yi zuga, ya saki zambo, 'yan amshi su karɓe su yi ƙari, kotso na biye, sannan a komo gindi. Wanda ya ji gindi kaɗai ya ce maimaici ne, kunnensa ne bai yi makaranta ba. Ban ce Bakandamiya sonata ce ba, kada wani ya yi mini ƙage. Sonata ba ta da magana, tamu kuwa a kan magana aka gina ta, har kalangu ma magana yake yi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Sai dai gaskiya ɗaci gare ta, kuma laifin namu ne ya fi na saurayin. Su Haydn sun yi kiɗansu ne kawai, sai bayan mutuwarsu manazarta irin A. B. Marx, a littafinsa na 1845, suka zayyana ƙa'idojin sonata filla filla. A 1862 Köchel ya jera ayyukan Mozart ya ba kowanne lamba, har 626. Shi ya sa yau ɗalibi a Japan yake iya ɗauko su ya kaɗa. Mu fa? Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Wane ne cikinmu zai miƙe ya faɗi waƙoƙin ɗayansu bi da bi, da shekarar da aka yi kowace? Na je wurin mai tura waƙoƙi a waya a kasuwar Wudil, na tarar an liƙa wa waƙar wani sunan wani, wata kuma an gutsure ta a tsakiya.

Ba a ce ba a fara ba. Ames da King sun fitar da ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau ya ba mu Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Amma mun fi ƙarfi wajen nazarin magana, mun bar kiɗan kansa maraya. Mu nawa ne za mu iya bambance kiɗan taushi da na kotso da kunne?

Don haka ina kira ga wannan ƙungiya tamu. Kowa in ya je hutu ya nemi tsohon ɗan amshi ko makaɗi na garinsu, ya ɗauki muryarsa, ya rubuta sunan waƙa da wanda aka yi wa da lokacin yin ta, ya kawo a adana. Ni na ɗauki Wudil. In mun yi sake tsofaffin nan suka tafi, ran da wani ya sake ce mana ba mu da tsari, da wace hujja za mu tare shi?

Allah ya sa mu dace.