Martani ga Mai Zargin Alƙalan Amurka

Malam, ka yi da'awa a maƙalarka cewa Kotun Ƙolin Amurka ta halatta wa jama'a bindiga mai sarrafa kanta, alhali kuwa hukuncin da Alƙali Clarence Thomas ya rubuta a watan Yunin 2024, da rinjayen shida bisa uku, bai ko taɓa Gyara na Biyu na Kundin Tsarin Mulkin ƙasar ba, illa iyaka ya ce hukumar ATF mai kula da bindigogi ba ta da hurumin yi wa nassin dokar bindigogi ta 1934 tawili, har ta haramta na'urar nan da maharin Las Vegas ya ƙara wa bindigoginsa saurin harbi da ita a 2017. Wannan hukunci ne a kan haddin wakili, wato iyakar ikon da Majalisa ta ba hukumar. In mai laifi kake nema, nufi Majalisa, domin alƙalamin gyara yana hannunta.